Kaduna zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi, kuma me ya sa amsar take sauyawa?

Duk shekara idan jigilar maniyyata ta ƙarato, tambaya ɗaya ce ke yawo a sansanin alhazai na Mando da majalisun unguwanni: awa nawa jirgi yake yi kafin ya kai Ƙasa Mai Tsarki? Alhajin da ya sauke farali shekaru goma da suka wuce zai ce huɗu da rabi. Hajiyar da ta je a 2023 za ta ce ita dai sun kusa yin bakwai a sama. Wani kuma ya zaro tikitinsa ya nuna maka cewa zuwa awa bakwai ne, dawowa uku. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma babu wanda ya ba da cikakkiyar amsa, domin nisan wuri daban, tsawon lokacin tafiya daban. Nisan ba ya motsi. Lokacin kuwa abubuwa da yawa ne ke ja da shi, wasu a sama, wasu a ƙasa, wasu ma a fagen yaƙi.

Mu fara da abin da ba ya sauyawa. Daga filin jirgin sama na Kaduna da ke ƙaramar hukumar Igabi zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda kimanin kilomita 3,600 ne. Zuwa filin jirgin Madina kuwa, inda mafi yawan alhazanmu ke sauka a 'yan shekarun nan, kimanin kilomita 3,750 ne. Wannan shi ne adadin da za ka gani idan ka bincika a intanet, kuma ana auna shi ne a kan hanya mafi kusa da za a iya bi a doron duniya.

Hanya mafi kusa ba ita ce layin da za ka ja da rula a kan taswirar bango ba. Duniya mulmulalliya ce, taswirar bango kuwa shimfiɗaɗɗiya, kuma duk lokacin da aka shimfiɗa mulmulallen abu sai an miƙe wasu sassansa fiye da yadda suke. Wanda yake son ya ga gaskiyar abin, ya sami taswirar duniya irin mai siffar ƙwallo da ake ajiyewa a makarantu, ya ɗora bakin zare a kan Kaduna, ya ja ɗaya bakin zuwa Jidda har zaren ya ɗaure tamau. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanyar. Zai ga ta ratsa arewa maso gabashin Najeriya, ta bi ta yankin Tafkin Chadi, ta keta ƙasar Chadi, ta shiga Sudan ta wuce ta arewacin Khartum, sannan ta tsallaka Bahar Maliya. Kusan kowane Musulmi a Kaduna ya san wannan layi ba tare da ya san ya sani ba, domin kusan shi ne layin alƙibla. Muna cewa mun fuskanci gabas, amma duk masallacin da aka daidaita da kyau a garin nan ya karkata zuwa arewa, kimanin digiri 66 ko 67 idan aka ƙirgo daga arewa sak. A tsakanin Kaduna da Makka karkatar ba ta ba mutum mamaki. Sai an yi nisa sosai abin ke fitowa fili: mazauna birnin Niyok na Amurka arewa maso gabas suke fuskanta in za su yi salla, alhali a taswirar bango Makka tana kudu da su. Dalilin da ya sa haka shi ne dai ya sa jirgin da ya tashi daga Turai zuwa yammacin Amurka yake bi ta saman ƙanƙarar Girinlan, fasinja yana kallon allon gabansa yana zaton matuƙi ya yi zagaye, alhali yanke ya yi.

To, in an san nisa, sai a raba shi da gudun jirgi a sami lokaci, ko ba haka ba? Manyan jiragen fasinja suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama. Raba 3,600 da wannan, za ka sami awa huɗu da 'yan mintuna. Lissafin ya yi kusa, amma ya bar abubuwa a waje. Jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Yana ɗaukar minti ashirin zuwa talatin yana hawa kafin ya kai ƙafa 35,000 ko sama da haka, kuma yakan fara gangarowa tun saura kimanin kilomita 200 ya isa. A ƙasa da ƙafa 10,000, ƙa'idar da ake bi a yawancin ƙasashe ita ce kada ya wuce gudun kusan kilomita 460 a awa. Ga kuma lokacin da aka rubuta a tikiti, wanda ba daga barin ƙasa yake farawa ba. Yana farawa ne daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda aka yi lodi, ya lallaɓa zuwa titin tashi, ya jira izinin hasumiya, har zuwa lokacin da ya tsaya cak a wancan filin. Shi ya sa Kaduna zuwa Legas, da ba ta wuce kimanin kilomita 630 ba, take cin sama da awa ɗaya, alhali lissafin rabawa minti 45 zai ba ka. A gajeriyar tafiya hawa da sauka su ne rabin aikin. A tafiyar Jidda, su ne ke mayar da awa huɗu ta koma huɗu da rabi zuwa biyar.

Sai iska. Wannan ne sashen da mutane suka fi yin musu a kai, kuma akwai wata fahimta da ta yaɗu da ya kamata a gyara. Wasu na cewa tunda duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, jirgin da ya nufi yamma dole ya fi sauri domin wurin da za shi yana tahowa ya tarye shi. Ba haka abin yake ba. Duniya tana juyawa ne tare da iskar da ta lulluɓe ta, kuma jirgin a cikin wannan iskar yake tun yana ƙasa. Da ba don haka ba, da a kusa da tsakiyar duniya inda muke, guguwa mai gudun sama da kilomita 1,600 a awa ce za ta riƙa kaɗawa dare da rana. Abin da ke kawo bambanci shi ne motsin iskar ita kanta a can sama. Jirgi a cikinta kamar kwalekwale ne a kogin Kaduna lokacin da ruwa ya cika: ƙarfin tuƙi ɗaya ne, amma mai gangara da mai haurawa ba za su isa tare ba.

A saman Turai da Arewacin Amurka da tekun da ke tsakaninsu akwai wata siririyar iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, daidai tsayin da jirage ke bi, gudunta kan haura kilomita 200 a awa, musamman da sanyi. Nisan Niyok da Landan kimanin kilomita 5,550 ne ko ta ina ka auno, amma zuwa Landan kusan awa bakwai ne, komawa Niyok kusan takwas. A watan Fabrairun 2020, lokacin da wata babbar guguwa ta auka wa Birtaniya, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya yi tafiyar Niyok zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56, ba don injinsa ya ƙara ƙarfi ba sai don iskar da ta turo shi. Mu a nan yankin namu lamarin ya ɗan bambanta. Da damina, iskar can sama a tsakanin kudancin Larabawa da Afirka ta Yamma daga gabas take tahowa, saboda haka mai dawowa gida ne take taimakawa. Da hunturu kuma iskar yamma ce ke da ƙarfi a saman Masar da arewacin Saudiyya. Bambancin a hanyarmu ba ya kai na wancan teku, mintuna ne, amma yana nan. Kuma tunda watan Zulhajji yana zagayowa da wuri da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, iskar da alhazan bana suka tarar ba lallai ta zama irin wadda na shekaru goma sha biyar baya suka tarar ba.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne idan aka kwatanta da wanda ya fi taɓa mu kai tsaye. Sama ba fili ba ce da kowa zai keta yadda ya ga dama. An yanka ta yanki-yanki, kowane yanki da cibiyar da ke kula da shi, kuma akwai hanyoyi tsararru da jirage ke bi daga alama zuwa alama. Jirgin da ya tashi daga Kaduna yana hannun jami'an hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, NAMA, a yankin da ake kira na Kano, sai su miƙa shi ga na Injamena, su kuma su miƙa shi ga na Khartum, daga nan zuwa na Jidda. Kowace ƙasa ana biyanta kuɗin ratsa samanta, kuma kowace tana da ikon rufewa. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na hanyar Kaduna zuwa Jidda a saman Sudan take.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun sa-kai na RSF, saura makonni kaɗan a fara jigilar alhazan shekarar. Aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne a lokacin cibiyar Khartum ce ke kula da jiragen da ke ratsa can saman Sudan ta Kudu, saboda haka ita ma rufewar ta shafe ta. Ta arewa kuma akwai Libiya, wadda kamfanoni da yawa suka daɗe suna kauce wa samanta. Sai ya zama dole jirgin da ya ɗauko alhazai daga arewacin Najeriya ya yi doguwar kewaya kafin ya fito Bahar Maliya, abin da ya ƙara wajen awa biyu a kan tafiyar. Awa biyu a babban jirgi ba ƙaramin mai ba ne, ga ƙarin ƙasashen da za a biya kuɗin ratsawa, ga shi kuma jirgin da ya saba yin sawu cikin sauri yanzu sai ya daɗe kafin ya dawo ya kwashi na gaba. Kamfanonin cikin gida suka ƙi sa hannu a yarjejeniyar jigila da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da farko, daga baya aka tsaya a kan ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Hajiyar da ta ce sun kusa yin awa bakwai gaskiya ta faɗa. Jidda ba ta matsa ko taku ɗaya ba, hanyar ce aka toshe.

Wannan abu yana taɓa ni fiye da batun kuɗi. Hanyar da jirgi ke bi a sama ita ce kusan wadda kakanninmu suka bi a ƙasa, ta Borno da Chadi da Darfur har bakin teku, wasu su shafe shekaru kafin su isa, wasu su zauna a Sudan har abada. Garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, wanda mabiya Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi da Turawan mulkin mallaka a 1903, shaida ne. Jiragen farko da suka sauka a Kano a 1925 ma ta Sudan suka biyo daga Masar, suna yada zango gari-gari. Ƙasar da ta zame mana mashiga tun zamanin raƙumi ita ce ke cikin wuta, kuma jikokin Hausawan da suka zauna can suna cikin waɗanda abin ya ci. Ƙarin awa biyu a kujerar jirgi shi ne mafi sauƙin abin da yaƙin ya jawo.

Ba mu kaɗai irin wannan ta taɓa samu ba. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar, sojoji sun rufe saman ƙasar na kusan wata guda, jiragen da ke tsakanin Turai da Najeriya suka koma kewayawa. Tun 2022 kuma, da Rasha ta hana jiragen Turai ratsa samanta, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo da ke cin awa tara da wani abu ta koma wajen awa goma sha uku.

Yanayin gida shi ma yana da nasa rabon, amma wannan kowa ya san shi. Hazon Disamba zuwa Fabrairu kan hana matuƙi hango titin sauka, sai a jinkirta tashi ko a karkata jirgi zuwa wani filin. Da damina kuma ba a keta tsakiyar hadari, kewaye shi ake yi. Saboda irin haka ne doka ta tilasta wa kowane jirgi ya ɗauki man da zai kai shi inda za shi, da wanda zai kai shi wani filin idan wancan bai saukuwa, da kuma ƙarin na aƙalla minti talatin.

Saura mai tikitin da ya ce zuwa bakwai, dawowa uku. Shi agogo ne ya rikita shi. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma a tikiti ana rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka da agogon garin da za a sauka. A ce jirgi ya bar Kaduna ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar. A Kaduna ƙarfe 3 na dare ne, amma a Jidda 5 na asuba. Mai duba takarda zai ƙirga bakwai. A dawowa, ya bar Jidda ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar ɗin dai, zai sauka Kaduna ƙarfe 1 na dare, sai a ƙirga uku. Wannan ba lissafin takarda kawai ba ne. Mai zuwa Umara da azumi a baki, idan ya tashi da rana ya nufi gabas, yininsa zai gajarta da kusan awa biyu, mai dawowa kuma nasa ya tsawaita. Abin da malamai suka tafi a kai shi ne mai azumi a jirgi yana buɗe baki ne idan rana ta faɗi a inda yake, ba da agogon garin da ya baro ba, kuma daga can sama rana takan jima ana ganinta bayan ta ɓace wa na ƙasa. Haka nan mai ciwon suga ko hawan jini da ke shan magani a kan lokaci yana buƙatar ya san ainihin awannin, ba na takarda ba. A ganina wajibi ne masu yi wa maniyyata bita su riƙa faɗin wannan ƙarara, tare da gargaɗin cewa dattijon da zai zauna awa shida ko bakwai a kujera ya riƙa miƙewa yana motsa ƙafa yana shan ruwa. Da yawa daga cikin iyayenmu wannan ne hawansu na farko, kuma kunya kan hana su tashi ko da zuwa ban-ɗaki ne.

Idan aka bar Jidda aka dubi wuri mai nisa sosai, sai wani abu dabam ya fito. Ɗauki ɗan kasuwar da ke da shago a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, mai zuwa sarin kaya Guangzhou a ƙasar Sin. Tsakanin Kaduna da can kimanin kilomita 11,100 ne. Jirgin zamani zai iya cinye wannan a tashi ɗaya cikin awa goma sha uku zuwa sha huɗu, tunda kamfanin jiragen Singafo yana yin wadda ta fi ta, daga Singafo zuwa Niyok, sama da kilomita 15,000 cikin awa goma sha takwas da wani abu ba tare da sauka ba. Matsalar ba ta inji ba ce. Babu kamfanin da zai sa babban jirgi a hanyar da ba zai cika shi kullum ba. Saboda haka ɗan kasuwarmu sai ya fara neman Abuja ko Kano ko Legas, daga nan ya bi ta Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha ko Dubai.

Abin lura shi ne bi ta Adis Ababa ba ya ƙara nisa sosai. Abuja zuwa Adis kimanin kilomita 3,500 ne, Adis zuwa Guangzhou kimanin 8,000, jimilla 11,500, wato ƙarin 'yan ɗaruruwa kawai. Lokaci ne ke tafiya. A misali, ya bar Abuja ƙarfe 1 na rana, ya yi awa biyar zuwa Adis, ya jira awa huɗu, ya yi awa goma da rabi zuwa Guangzhou. Awa goma sha tara da rabi ke nan. A agogon Najeriya ƙarfe 8:30 na safen washegari ne, amma Sin tana gabanmu da awa bakwai, don haka zai sauka ƙarfe 3:30 na yamma. Ba a sa tafiyar jirgin ƙasa daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa ta Idu a Abuja ba, wadda ke cin sama da awa biyu, ko ta mota da ba a iya yanke mata lokaci. Ba a sa awa uku da ake so fasinjan ƙasar waje ya iso kafin tashi ba, balle layin shige-da-fice da jiran kaya a can. Daga ƙofar gidansa a Tudun Wada zuwa ƙofar masaukinsa, ya haura yini da kwana, kuma kusan rabin wannan lokaci ƙafarsa a ƙasa take.

Kaduna ta ɗanɗana yadda abin zai kasance in da an rage wannan ɓangaren na ƙasa. A watan Maris na 2017 aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titinsa, aka karkato jirage zuwa nan. Yawancin kamfanonin waje sun ƙi zuwa, amma Ethiopian Airlines ya sauko da Boeing 787 tun ranar farko, ya nuna cewa titin filinmu na iya karɓar babban jirgi. Jiragen alhazai ma kowace shekara suna nuna haka. Abin da ya rage wa masu ruwa da tsaki shi ne tsaron hanyar filin, da na'urorin da ke taimaka wa jirgi sauka cikin hazo, da kuma haɗa kan fasinjojin Kaduna da Zariya da Kafanchan da maƙwabta har su isa cika jirgin da zai riƙa fita waje a kai a kai. Duk ranar da aka samu haka, ɗan kasuwar zai rage awa biyar ko shida a tafiyarsa ba tare da an ƙara wa jirgi gudu ko kaɗan ba.

Kafin nan, wanda ke kwatanta tikiti biyu kada ya tsaya a kan lokacin tashi da na sauka. Ya nemi inda aka rubuta jimillar awannin tafiya, ya duba tsawon jiran da ke tsakanin jirgi da jirgi. Jiran da bai kai awa ɗaya da rabi ba a babban fili kasada ne, domin jinkiri kaɗan daga Abuja zai sa jirgi na biyu ya tafi ya bar shi, ko shi ya shiga kayansa su kwana. Ya kuma tabbatar duka sawun biyu a tikiti ɗaya suke, saboda in haka ne kamfanin ne ke da alhakin sa shi a jirgi na gaba, in kuwa daban-daban ya saye su, sabon tikiti zai biya daga aljihunsa.